Rerawa da Bugu a Waƙoƙin Aƙilu Aliyu

Alhaji Aƙilu Aliyu (1918-1999) yana cikin sha'iran da jama'a suka fara sani ta kunne kafin su gan su a takarda. Ya rera waƙoƙinsa a tarukan siyasa na zamanin NEPU da gidajen rediyo, sannan kamfanin NNPC na Zariya ya buga wasu daga cikinsu a Fasaha Aƙiliya cikin shekarun 1970. Ɗalhatu Muhammad ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Landan a 1977.

Bugun ya adana kalmomin, amma bai adana muryar ba. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, alhali karin rubutacciyar waƙa ya dogara ne a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da masu sauƙi. Kalmar "gari", misali, tana iya nufin birni ko garin tuwo, kuma awon gaɓarta ta farko ya bambanta. A bakin mai rerawa babu wannan ruɗani.

Aƙilu kuwa gwani ne wajen wasa da kalmomi masu kama da juna, don haka asarar ta fi yawa a waƙoƙinsa. Ɗalibin da ya yanka baiti daga shafi kawai yana iya ɗora wa sha'irin laifin karya kari, alhali karatunsa ne ya karye. Ya kamata a saurari rerawa tukuna, sannan a ɗauki alƙalamin tarke.