Makaɗi Da Gidan Kansa: Tsokaci A Kan 'Shrine' Na Fela

Duk wanda ya taɓa ɗora faifan Fela Anikulapo-Kuti a kan garmaho, ko ya saka kaset ɗinsa a rikoda, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne tsawo. Waƙa ɗaya tal sai ta cinye fuskar faifai guda, wani lokaci ma ta tsallaka ɗaya fuskar. A kan yi minti 10 ana kiɗa zalla, ganga na yi, jita na yi, masu busa na shiga suna fita, amma mai waƙar bai ce uffan ba. Mun sha jin masu sharhi suna jingina wannan ga taurin kan mutumin, wai ya ƙi bin tsarin gidajen rediyo masu son waƙar minti 3. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, to amma a ganinmu an bar jaki ne ana dukan taiki. Ba don rediyo aka tsara waɗannan waƙoƙi ba, ba kuma don faifai ba. An tsara su ne don wani gidan rawa a Legas wanda mai shi ya raɗa wa suna Afrika Shrine, kuma wanda bai san wannan gida ba, to rabin waƙar ya ji.

Ba Fela ne ya fara mallakar wurin wasa na kansa a Legas ba. Bobby Benson yana da Caban Bamboo a kan hanyar Ikorodu, Victor Olaiya, wanda Fela ya yi waƙa a ƙungiyarsa yana saurayi, ya gina Stadium Hotel a Surulere, Ebenezer Obey yana da Miliki Spot, shi kuma Sunny Ade yana da Ariya. Makaɗan birnin sun daɗe da gane cewa wanda ke wasa a otel ɗin wani, to da bazar mai otel yake rawa. Shi ma Fela ta nan ya biyo. Da ya dawo daga karatun kiɗa a Landan a 1963, ya yi ta wasa a gidajen rawa da ƙungiyarsa ta Koola Lobitos, har ya sami wurin da ya kira Afro-Spot. Tafiyar da ya yi Amurka a 1969 ita ta juya masa tunani, ya dawo da aƙidar 'yancin baƙar fata. Wajen 1972 ya koma farfajiyar Empire Hotel a Idi-Oro, cikin Mushin, 'yar tafiya kaɗan daga gidan da yake zaune, wanda daga baya ya zama Kalakuta. Sunan da ya ba wurin, wato ɗakin bauta, da gangan ya zaɓe shi, don a san ba kulob ba ne irin wanda aka saba.

To, me gidan ya yi wa waƙar? Abu na farko, ya ba ta lokaci. Fela ba ya hawa dandamali sai dare ya raba, wasa kuma sai goshin asuba. Wanda ke da irin wannan dare a hannunsa, ba mai otel da zai zo ya ce a kashe fitila, me zai sa shi gaggawa? Tony Allen zai kafa ganga, jita biyu su ɗauki wani ɗan gajeren salo su yi ta nanata shi, masu busa su ɗora nasu, kowa ya sami rabonsa, sai jikin masu rawa ya ɗauka sannan magana ta biyo baya. Wannan jinkiri da ke gundurar mai sauraron faifai a ɗaka, shi ne ke shirya kunnen wanda ke tsaye a filin. Amshin da 'yan matan ƙungiyar ke yi ma haka ne: gajere ne, mai sauƙin kamawa, don ɗaruruwan bakuna su iya karɓa tun a daren farko. Haka nan komawarsa ga Turancin buroka maimakon Yarbanci, ba mu ganin za a raba ta da irin taron da ke gabansa, domin Mushin matattara ce, kowace ƙabila akwai ta.

Abu na biyu shi ya fi jan hankalinmu, kuma shi ne masu nazarin adabi ya kamata su tsaya a kai. Al'adar Fela ita ce ya yi ta wasa da sabuwar waƙa a Shrine wata da watanni kafin ya shiga ɗakin ɗaukar faifai, kuma da zarar faifan ya fito, ya daina yin ta a gaban jama'a. Ko an roƙe shi ba ya komawa. Ke nan faifai a wurinsa ba haihuwar waƙa ba ne, rufe littafinta ne. Rayuwarta ta ainihi a can cikin filin ta yi ta, inda za a ga baitin da ya tada mutane da wanda ya wuce shiru, a ƙara nan, a rage can. Mu marubuta mun san daɗin samun wanda zai duba mana rubutu kafin a kai maɗaba'a. To shi wannan mutum ɗaruruwan masu dubawa gare shi, sau da yawa a mako, kuma da ƙafafunsu suke yanke hukunci. Shi ya sa idan aka saurari faifai irin su Alagbon Close na 1974 ko Zombie, ba a jin lalube a ciki. Komai ya zauna daram, kamar tuwon da ya sha tuƙi.

Sannan akwai daren Juma'a, wanda ake kira daren yabis, wato habaici da zambo. A nan Fela kan ajiye abin busarsa ya buɗe baki a kan gwamnatin soja, da 'yan sanda, da manyan 'yan kasuwa, yana kama suna, jama'a na mayar masa da magana. Ba gidan rediyon da zai watsa wannan a lokacin, don duk na gwamnati ne. Ba kuma mai otel da zai yarda a yi masa haka a harabarsa ya rasa lasin. Da yawa daga abin da ya zama baitin waƙa daga baya, a wannan hira ya fara fitowa. Idan mai karatu na son ganin bambancin, ya dubi namu makaɗan fada. Narambaɗa gwani ne wanda ba a ja da shi, amma yana da ubangida, Sarkin Gobir na Isa, kuma zambonsa ga abokan hamayyar ubangidan yake tafiya. Ba laifinsa ba ne, tsarin ke nan: wanda ya ba ka doki da riga ba ka juya masa kalangu. Wanda ya ɗan kusanci halin Fela a wajenmu shi ne makaɗin dambe irin Ɗan Anace, wanda filin da taron 'yan kallo suka yi wa waƙarsa siffa. Ubangidan Fela shi ne mai biyan kuɗin ƙofa, shi kuwa talaka ne, ba abin da za a ƙwace masa.

An ga ƙarfin wannan gida ƙarara a lokacin bikin FESTAC na farkon 1977. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi, ta gina babban ɗakin wasanni na ƙasa a Iganmu, ta gayyato baƙaƙen fata daga ko'ina a duniya. Fela ya janye daga shirin, ya tsaya a gidansa yana wasa yana caccakar masu mulki. Sai ga manyan baƙin gwamnati, ciki har da Stevie Wonder, suna sulalewa da dare zuwa Mushin. Kafin su ma, Paul McCartney ya je a 1973 lokacin da yake ɗaukar faifai a Legas. An rufe bikin ranar 12 ga Fabrairu. Ranar 18 ga wata sojoji kimanin 1,000 suka yi wa Kalakuta ƙawanya, suka lakaɗa wa mutanen ciki duka, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, suka cinna wa gidan wuta. Tsohuwar ta rasu a Afrilun 1978. Binciken gwamnati ya ce wani soja ne da ba a san ko wane ne ba. Aka rufe Shrine. A lura, faifan Zombie yana hannun mutane, ba yadda za a yi a tattaro shi. Abin da hukuma ta iya rushewa shi ne wurin, kuma ta san abin da take yi. Wutar ba ta tsaya kan Fela ba: Fatai Rolling Dollar, makaɗin da ke maƙwabtaka da gidan, ya rasa kayan kiɗansa a wannan rana, ya yi shekaru bai farfaɗo ba.

Wannan ya kawo mu ga jama'ar da gidan ya tara. Ba makaɗa kaɗai ba ne. Lemi Ghariokwu yana matashi ya shigo, ya zana bangon faifai 26 na Fela, har zanensa ya zama wani ɓangare na saƙon. Samarin da suka kafa ƙungiyar Young African Pioneers a 1976 'yan wannan da'ira ne. Akwai 'yan rawa, da masu gadin ƙofa, da masu ɗaukar kaya, da masu sayar da abinci da sigari a bakin titi, da yaran da suka gudo daga gida suka sami wurin kwana. Ɗalibin jami'a da kwandastan mota suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, abin da ba kasafai ake gani ba a kulob ɗin Ikoyi. Yaron da ke son koyon busa ba sai ya nemi makaranta ba, ya zo ya tsaya kusa da Lekan Animashaun, wanda ake kira Baba Ani, ya buɗe ido da kunne.

Sai dai ba za mu yi tuya mu manta da albasa ba. Mai karatu zai ce, ina batun tabar wiwi da ake sha a fili, da shigar 'yan rawa, da wurin tsafin da ke gefen dandamali inda ake yanka da zuba giya a gaban hotunan su Nkrumah da Malcolm X? Duk gaskiya ne, ba mu kuma zo wanke kowa ba. Amma aibin da ya fi damun mu a matsayin masu sharhi wani ne daban. Gidan mai zaman kansa ne daga gwamnati, amma na mutum ɗaya ne, kuma a cikinsa maganar mutum ɗaya ce doka. Wanda ya yi suna wajen zagin mulkin kama-karya, a gidansa shi ne alƙali, shi ne mai yanke tara. Matan da suka ɗauki nauyin amshi da rawa, waɗanda suka sha dukan soja tare da shi, 27 daga cikinsu ya aura rana ɗaya a 1978, amma mutum nawa ne zai iya kawo sunan uku daga ciki? Tony Allen, wanda da wuya a ce ga yadda kiɗan zai kasance ba da shi ba, ya fitar da faifai nasa a ƙarƙashin inuwar maigidan, irin su Jealousy na 1975, amma bayan wasan Berlin na 1978 shi da yawancin makaɗan suka watse, kuma batun kuɗi na cikin dalilan. Shi kansa Femi, ɗan cikinsa, wanda ya riƙe ƙungiyar lokacin da aka ɗaure uban daga 1984 zuwa 1986, sai da ya fita ya kafa tasa, Positive Force, kafin a ji muryarsa, kuma uban bai ji daɗin fitar ba. Shrine ya yaye ƙwararrun makaɗa masu yawa, amma bai zama dandalin da ƙungiyoyi dabam-dabam ke tasowa suna gogayya ba. Babbar bishiya ce, an sha inuwa, amma abin da ya tsiro a gindinta kaɗan ne.

Shrine na biyu, wanda ke titin Pepple a Ikeja, shi ya riƙe Fela har ƙarshen rayuwarsa. A shekarunsa na ƙarshe ya rage shiga ɗakin ɗaukar faifai, sai ya zamana akwai waƙoƙi da dama da ya yi ta yi a can waɗanda ba su taɓa fitowa a faifai ba. Wanda ya je ya ji, wanda bai je ba sai labari, ko wani kaset da wani ya ɗauka a ɓoye. A nan al'adar da muka yaba a sama ta juyo da ɗaya fuskarta, don waƙar da gida kaɗai ya riƙe, ranar da gidan ya tafi tana iya bin sa. Haka kuwa aka yi. Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, kuma ba a daɗe ba wurin ya fita daga hannun iyalinsa, domin dama haya ce.

'Ya'yansa Yeni da Femi sun ɗauki darasin. A shekarar 2000 suka buɗe New Afrika Shrine a Agidingbi, nan Ikeja, gini nasu na kansu. Femi ya ci gaba da wasan ranar Lahadi, ƙaninsa Seun, wanda ya gaji ƙungiyar Egypt 80 yana ɗan shekara 14, shi ma ya sami dandamali, daga baya kuma jika, Made, ya taso a cikin gidan. Bikin Felabration da Yeni ta ƙirƙiro a 1998, wanda ake yi a makon haihuwar Fela cikin Oktoba, ya buɗe ƙofa ga mawaƙa na kowane salo, abin da tsohon gidan bai cika yi ba. A nan muna ganin 'ya'yan sun gyara kuskuren uban. A wannan tsakani ne kuma Lagbaja ya buɗe nasa wurin, Motherlan', a Opebi cikin 1997, a kan irin wannan tunani.

Duk da haka akwai abin da ya canza, kuma ba za mu ɓoye ba. A Yulin 2018 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci sabon Shrine, tare da gwamnan Legas na lokacin. Gidan da hukuma ta aika wa soja, ga shi hukuma na kai baƙonta yawon buɗe ido. Wasu sun ce nasara ce, mu dai ba mu gama yarda ba. Su kuma samarin da ke tashe da kiɗan da ake kira Afrobeats, wanda harafi ɗaya ya raba sunansa da na Fela, da yawansu na kiran sunansa da girmamawa, har Burna Boy jikan Benson Idonije ne, manajan Fela na farko. Amma waƙarsu a kwamfuta ake haɗa ta, a sake ta a intanet, sannan a fita yawon duniya da ita. Jama'a na jin ta ne bayan an gama, ba su da hannu a tuƙin. Idan muka jera faifansu da na Fela muka saurara, a nan muke jin bambancin, tun kafin a zo kan abin da baitocin ke faɗa.