Bisa Rairayi, Ƙarƙashi Laka: Kuskuren da Muke Yi Wajen Raɗa wa Ƙasar Gangaren Wurno, Rabah da Goronyo Suna

Kwanakin baya wani rahoton binciken ƙasa ya zo hannuna, irin wanda mu ɗalibai muke rubutawa don kammala digiri. Marubucin ya ɗebi samfur daga wasu gonaki da ke kan gangare a gabashin jihar Sakkwato, daga sama zuwa zurfin santimita 30. Ɗakin gwaje-gwaje ya nuna rairayi ne ya yi rinjaye, shi kuwa ya yanke hukunci: ƙasar Arenosol ce, wato ƙasar rairayi zalla, a zuba taki kaza, a dasa itatuwa kaza. Lissafinsa daidai, teburansa tsaf. Sai dai na san irin wannan gangare, kuma na san da ya ƙara haƙa taƙi ɗaya ko biyu, da shebur ɗinsa ya ci karo da laka mai tauri wadda ba ta da wata dangantaka da rairayin da ya auna.

Ba shi kaɗai ba ne, ni ma na taɓa yin irin wannan aiki. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu tsaya mu dubi wannan al'ada tamu ta raɗa wa ƙasa suna daga abin da ke samanta.

Teku a ƙasa, hamada a sama

Mai karatu, in ka tsaya a gindin tuddan da ke kallon fadamar Rima a Wurno ko kusa da Goronyo, a gindin tsohon teku kake tsaye. Kimanin shekara miliyan 72 zuwa 66 da suka wuce, ruwan gishiri ya ratso ta inda Sahara take a yau ya mamaye wannan yanki. Abin da ya kwanta a ƙarƙashinsa shi ne ya daskare ya zama duwatsun da masana irin su Farfesa Cornelius Kogbe suka yi wa bayani dalla-dalla, kuma sunayen garuruwanmu aka sa musu. Shimfiɗar Taloka da shimfiɗar Wurno galibi lallausan yashi ne da ya dunƙule. Tsakaninsu akwai shimfiɗar Dukamaje, wadda mafi yawanta dutsen laka ne mai ɓamɓarewa falle-falle, ga jifsam a cikinsa. A nan aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. A samansu kuma akwai shimfiɗar Dange, ita ma dutsen laka ce, sai ta Kalambaina mai farar ƙasar da ake yin siminti da ita.

Wannan shi ne hawa na ƙasa. Hawa na sama kuwa baƙo ne, kuma yaro ne ƙwarai in aka gwada shekarunsu. A lokutan fari mai tsanani na dubban shekarun baya, hamada ta sauko kudu fiye da inda take yanzu, iska ta kwaso rairayi da ƙura ta lulluɓe tuddai da kwaruruka. Daga baya ruwan sama ya yi ta wanke wannan mayafi daga kafaɗar tudu yana tara shi a gindi.

To ka ga ƙasar gangaren hawa biyu ce, kamar bene: sama kayan iska, ƙasa kayan teku. Wani dattijo da na yi aiki a gonarsa ya taƙaita mini zancen fiye da kowane littafi. Ya ce, "Ɗana, wagga ƙasa huska biyu gare ta. Bisa rairai na, ƙalƙashi laka ta. In ruwa ya yi yawa gero shi sha wuya, in ya ɗauke kwana bakwai shi bushe."

Kalmar aro da ba ta zauna daidai ba

Kuskure na farko a wajen sunan hawan sama yake. A littattafan da muke karantawa, waɗanda mafi yawansu daga Amurka da Turai suke, ana yawan maganar lowes a kan dutsen laka. Lowes kalma ce da ta samo asali daga Jamusanci, tana nufin ƙurar da iska ta tara har ta zama ƙasa. Ƙwayoyinta sun fi na laka girma amma ba su kai na yashi ba: a ma'aunin Amurka, tsakanin milimita 0.002 da 0.05. In ka murza ta a yatsa, kamar garin alkama za ka ji. A arewacin Sin akwai inda kaurinta ya haura mita 100. Wasunmu da sun ji an ce iska ce ta kawo ƙasa, sai su rubuta lowes kawai, su kwafo halayenta daga littafi.

Amma iska tana tankaɗe kayanta. Yashi yana da nauyi, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, ba ya nisa. Ƙura ita ke tashi sama ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, kamar hazon hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Shi ya sa ƙasar ƙura ta gaske a Arewa ta fi yawa can kudu, wajen Funtuwa da Zariya da filayen Kano, inda Grant McTainsh ya yi bincikensa kan ƙurar hunturu. Wim Sombroek da Isaak Zonneveld sun fayyace wannan tun 1971 a aikinsu kan kwarin Rima da Sakkwato: sun ware ƙasar ƙura ta Funtuwa daban, rairayin iska na Sangiwa da Sakkwato da Illela daban, sannan tsofaffin shimfiɗun kogi daban, har ɗaya daga ciki suka sa mata sunan Rabah.

A yankinmu mayafin galibi lallausan rairayi ne mai ɗan gaurayen ƙura. Bambancin ba na ƙamus ba ne kawai. Ƙasar ƙura tana riƙe ruwan da shuka za ta iya sha kusan ninki biyu zuwa uku na rairayi. Wanda ya kira rairayin Goronyo lowes ya yi wa manomi alƙawarin damshin da babu shi. Akwai ma wani tarko: duwatsun Taloka da Wurno su kansu in sun ruɓe lallausan yashi suke bayarwa. Don haka ba duk rairayin da ka gani a gangare ba ne iska ta kawo, sai ka duba girman ƙwayoyin daga sama zuwa ƙasa ka ga ko sun sauya farat ɗaya.

Santimita 30 ba ta isa shaida ba

Kuskure na biyu ya fi girma. Manyan tsare-tsaren rarraba ƙasa guda biyu muke amfani da su: na Amurka da ya fito a 1975, da na duniya mai suna WRB da aka fara bugawa a 1998. Ko ɗaya cikinsu bai yarda a raɗa wa ƙasa suna daga fatar samanta ba. A tsarin WRB, kafin ka ce Arenosol, sai rairayin ya ci gaba har wajen zurfin mita ɗaya. Wanda ya tsaya a santimita 30 bai ga kashi biyu cikin uku na shaidar da sunan ke buƙata ba. Kallon kitse ya yi wa rogo.

Abin takaicin shi ne tsare-tsaren sun tanadi hanyar faɗar gaskiya. In kayan ƙasa suka sauya asali a tsakiyar rami, ana sa lamba 2 a gaban sunan hawan da ke ƙasa, alamar cewa daga nan wani abu ne daban. Tsarin Amurka yana da matakai shida, kuma a mataki na biyar ne ake samun rukunin "rairayi a kan laka" da rukunin ƙasa marar zurfi. Rahotanninmu da yawa a mataki na uku ko na huɗu suke tsayawa. Dutsen laka kuma yana da wata dabara: da yake shebur na iya sararsa, ba a lissafa shi cikin dutse mai tauri, don haka ba ya fitowa a manyan sunaye. Saiwar gero dai ta san da shi.

Taswirorin zamani ma ba su fitar da mu ba. SoilGrids, wadda cibiyar ISRIC ta ƙasar Holan ke fitarwa, tana raba duniya gida-gida, kowane gida mita 250. A shimfiɗaɗɗen fili wannan ya wadatar, kuma kyauta ce, ba abin rainawa ba. Amma a gangaren Wurno, cikin tafiyar mita 250 za ka iya taka marmara da tsakuwa a kan tudu, ka bi ta fako a kafaɗa inda laka ta fito fili, ka ratsa inda rairayi bai wuce gwiwa ba, ka sauka jigawa mai zurfi a gindi. Kwamfuta za ta haɗa su duka ta ba ka matsakaici, wato ƙasar da babu ita a gonar kowa. Sombroek ɗin nan da ya tattaka kwarin Rima da ƙafa shi ne daga baya ya shugabanci ISRIC. Taswirar na da amfani, amma ba ta ɗauke wa kowa haƙa rami ba.

Me ke faruwa a mahaɗar

Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma cikin 'yan watanni yake zuba, sau da yawa da ƙarfi. Rairayi na shanye shi nan take. Da ya isa laka sai ya tsaya, domin lakar tana kumbura in ta jiƙa, ta toshe ƙofofinta. Daga nan abu uku ke biyo baya.

Na farko, ruwan yana gangarawa a kwance ta kan lakar, ƙarƙashin gona, ya tafi da takin zamanin da ya narke, musamman yuriya. Manomin sama ya saya, na gindi ko fadama ya amfana.

Na biyu, inda ruwan ya ɓullo a gefen gangare yana rarake rairayin daga ƙasa, saman ya rufta. Kwazazzabai da yawa haka suke farawa, kafin su ci hanya ko gona.

Na uku, rumbun ruwan shuka ƙarami ne. A ƙaddara mita ɗaya ta rairayi tana riƙe milimita 70 na ruwan da saiwa za ta iya ja. In kaurin rairayin santimita 30 ne, kusan milimita 20 ke nan. Gero mai ganye a rana mai zafi zai iya shan milimita 5. Yi lissafin da kanka, za ka ga dalilin kwana bakwai ɗin dattijo.

Amma fa lakar ba kullum take abokiyar gaba ba. In tana can zurfin mita ɗaya ko fiye, a gindin tudu, ita ke tare ruwa ta hana shi sulalewa, gonar ta daɗe da damshi. Kayan iri ɗaya ne, zurfin mahaɗar ne ke raba gonar albarka da ta wahala. Wannan lamba guda, zurfin inda rairayi ya ƙare, ita ce rahotanninmu suka fi mantawa da ita.

Zancen bai tsaya a gona ba. Mai gini a kan laka mai kumbura da jifsam zai ga bango na tsagewa, domin lakar na motsi tsakanin damina da rani, gishirin jifsam kuma yana cin siminti. Ga kuma manyan ayyukan farfaɗo da ƙasa, irin su shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa. Dashen itace da ramukan tara ruwa suna cin nasara ne in an san abin da ke ƙarƙashi. Ramin da zai raya bishiya a jigawa mai zurfi zai iya zama kwatamin da zai ruɓar da saiwarta a kafaɗar tudu.

A yi adalci

Na san abin da abokan karatuna za su ce: rami kuɗi ne. Gaskiya ne. Haƙa mita ɗaya da rabi a watan Afrilu ba wasa ba ne, kuɗin gwaji kuma daga aljihun ɗalibi yake fita. In tambayarka ita ce yawan sinadarin da ke inda garma ke kaiwa, santimita 30 ta isa. Laifin yana farawa ne lokacin da aka ɗauki wannan samfur aka raɗa wa ƙasar suna da shi.

Sunayen manoma ma, jigawa, fako, laka, tsakuwa, ba su gama komai ba. Ma'anarsu kan ɗan sauya daga gari zuwa gari, kuma ba sa auna gishirin da ke zurfi. Amma sun fi rahotanninmu bin gangare, domin daga abin da gona ta yi shekara da shekaru aka samo su.

Gyaran ba shi da tsada sosai. Maimakon samfur talatin na sama, a haƙa ramuka huɗu a jere daga kan tudu zuwa gindi. Tsakaninsu a riƙa huda ƙasa da ƙarfe ana rubuta zurfin da aka taɓa laka. Bakin kwazazzabo da ramin masu ɗibar ƙasar gini ramuka ne da aka riga aka haƙa mana kyauta. A rubuta sunan kimiyya har mataki na biyar, a ajiye sunan da mai gonar ya faɗa a gefensa. Malamai masu duba rahoto kuma su riƙa yin tambaya guda kafin su sa hannu: a wane zurfi rairayin ya ƙare? In ɗalibi bai da amsa, a miƙa masa shebur ya koma.