Gwanintar Mai Goyo: Yadda Matan Alakos Ke Fidda Ado Daga Turmi Ɗaya

A ƙasar Alakos, can arewa maso yammacin Gure a jihar Damagaram, mace mai goyo takan tashi tun da asuba ta yi daka, ta je rijiya, ta ɗora tukunya, ta shayar da jariri sau ba adadi. Amma in aka ce yau akwai suna a maƙwabta, ko kuwa ranar kasuwa ce, sai ka ga ta fito tsaf: zani ya zauna, kallabi ya tsaya, yaro na baya cikin majanyi mai tsabta, ƙamshin turaren wuta yana bin ta. Baƙo zai ɗauka akwatinta cike yake maƙil da kaya, alhali sau da yawa turamen da ke ciki ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya cike gurbin shi ne sani. Ta san zaɓe, ta san ɗinki, ta san ɗauri, ta san wanki. Wannan sanin gwaninta ce sukutum, kuma ta cancanci a zauna a fayyace ta kamar yadda ake fayyace ƙira ko jima.

Ƙasar ba ta sauƙaƙa wa mai son ado. Daga Garazu, babban garin ƙaramar hukumar, har zuwa ƙauyukan da ke kallon Tanut, rairayi ne da iska. Da hunturu ƙura takan shiga kowane saƙo, da bazara rana takan cinye launin tufa, da kaka kuma ƙarangiya takan kama bakin zani ta ƙi saki. Ruwa sai an ja shi daga rijiya da guga, don haka kowane bokitin wanki da lissafinsa. A irin wannan wuri ne Barebari da Hausawa da Fulani da Buzaye suka daɗe suna cuɗanya, kowa yana ɗaukar wani abu daga suturar ɗan'uwansa.

Gwanintar tana farawa ne tun a gaban mai atamfa. Turmi yadi shida ne, wato zani uku, kowane zani yadi biyu. Uwar da ta san abin da take yi ba ta barin launi ya ruɗe ta. Da farko za ta juya bayan atamfar. In zanen ya fito rangaɗau ciki da waje, ta san an rina shi ta fuska biyu, zai jure. In bayan ya yi fari-fari, bugun fuska ɗaya ne, kwanansa kaɗan. Sai ta kama kusurwa ta murza tsakanin yatsu, domin akwai atamfar da sitaci kawai ke riƙe da ita, wanki ɗaya ta koma kamar rariya. Wata takan ɗan jiƙa gefen ta goga a jikin farin ƙyalle ta ga ko yana zuba. Mai ƙwaƙƙwafi kuwa takan zare zare ɗaya ta kai shi bakin wuta: auduga takan ci ta zama toka, roba kuwa ta narke ta dunƙule. Wannan gwaji yana da muhimmanci ga mai goyo fiye da kowa, saboda roba ba ta shan gumi, kuma yaron da ya yini a cikinta da zafin bazara ƙuraje ne za su feso masa.

Har launin ma da dalilinsa ake zaɓa. Budurwa tana iya ɗaukar fari ƙal ko ruwan hoda mai haske, ba ta da abin tsoro. Mai jariri kuwa ta san tumbuɗi da nono da koko za su sauka a kafaɗarta kafin azahar, shi ya sa take neman mai cikakken zane, mai ruwan ƙasa ko shuɗi ko kore mai duhu, wanda zai rufa mata asiri har ta dawo gida.

Atamfar da ke isa waɗannan kasuwanni ta sha tafiya. Wadda ake kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan a 1846, kuma har yau ita ce ake sawa a saman lefe. An yi zamanin masaƙar Sonitextil a Yamai, an yi zamanin masaƙun Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Yanzu mafi yawan abin da talaka ke iya saye daga Sin yake zuwa, ya bi ta Kantin Kwari a Kano, ya sauka Kasuwar Dole a Damagaram, daga nan 'yan koli da dillalai su kai shi kasuwannin ƙauye. Hanyar ba sabuwa ba ce. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar turkuɗi da sauran rinannun tufafi su ne ƙashin bayan cinikin birnin, ayari yana ɗaukar su zuwa arewa. Kakannin matan Alakos sun san baƙin zani mai sheƙi tun kafin atamfa ta zo, kuma idon da suke tantance rini da shi shi ne jikokinsu suka gada.

Kuɗin saye ma ba daga sama yake faɗowa ba. Wata ɗan akuya take kiwo har ya isa sayarwa kafin Salla. Wata ƙuli-ƙuli ko fura take yi. Da yawa kuma adashi ne ke kai su ga turmi. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, a kan wannan tsohuwar al'ada ta zubi aka gina shi, ya kuma bazu a ƙauyukan Nijar kafin ya tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Macen da ta yi wata da watanni tana zubi kafin ta riƙe turmi ba za ta yarda tela ya ɓata mata ko taki ɗaya ba.

A wurin tela ne hangen nesanta yake fitowa fili. Zani ɗaya na riga ne, ɗaya na ɗaurawa, na ukun kuwa shi ne jarinta. Za ta iya yanke kallabi daga gefensa, ko ta bar shi cikakke ya zama zanin goyo, yadda in ta fita ita da yaron za su zama shiga ɗaya. Takan ce wa tela: “Malam, ka bar mini rara a ciki.” Wato ya naɗe yadi a cikin ɗinkin gefe, kada ya datse, domin jikin mace mai haihuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ciki ya zo a farke a buɗa, in an yaye a mayar. Takan kuma nemi wuya mai ɗan faɗi, ko zif a gaba, ko buba mai sakin jiki, yadda za ta shayar a cikin taro ƙarƙashin mayafi ba tare da ta tuɓe ko ta takura ba. Shayarwa a nan takan kai kusan shekara biyu, kuma ma'aikatan lafiya suna horo da a ba jariri nono zalla wata shidan farko. Rigar da ba ta ba da hanya ba, komai kyanta, a akwati za ta tsufa. Duwatsu da ƙyalƙyali kuma a gaba da hannu ake sa su, ba a bayan riga ba, inda kuncin yaro zai kwanta. Ƙyallen da ya rage ba a barin sa a shagon tela: da shi ake fidda 'yar rigar jariri ko hula.

Sai ɗauri, wanda shi ne zuciyar sana'ar. Zani ba shi da maɓalli, ba shi da igiya, amma gwana za ta ɗaura shi da safe ta yi surfe, ta ja guga, ta hau amalanke, bai kwance ba. Takan buɗa ƙafafu kaɗan kafin ta naɗa, don zanin ya ba ta filin taku, ta ja bakin ya ƙare a hagu, ta soke shi sosai a ƙugu. In gona ko daji za ta, sai ta ɗage shi sama da idon sawu saboda ƙarangiya. In unguwa za ta, ta sake shi ya sauka, bakin ƙasa ya daidaita ba wani gefe da ya fi wani.

Goyo kuwa darasi ne da ake fara koya wa yarinya tun tana goya ɗan kara ko ƙanenta. Uwa takan sunkuya, ta ɗora yaron a tsakiyar baya, ta yafa zanin a kansa, ta ɗaure bakin sama a ƙirji, ta tattaro bakin ƙasa ƙarƙashin mazaunansa ta soke a ciki. Sannan majanyi ya zo a kai ya ƙulle komai. Jariri sabon haihuwa hannuwansa a ciki suke, zanin ya tallafi ƙeyarsa, fuskarsa a juye gefe don ya sha iska. Wanda ya yi wayo sai a fitar masa da hannu ya yi ta kallon duniya. Ƙafafunsa a buɗe suke sun rungumi ƙugun uwa, kuma likitocin ƙashi sun yarda wannan zama yana da kyau ga ƙugun jariri. Abin burgewa shi ne yadda mai goyo take mai da wannan nauyi ya zama cikon kwalliya. Majanyin saƙi mai ratsi, ko wanda ya ɗauko launi ɗaya daga cikin atamfar, yakan ƙawata shiga fiye da sarƙa.

Daga nan sai kai. Mai jego ba kullum take samun zaman kitso ba, don haka takan zaɓi ƙananan kitso da zai yi makonni, ta bar sauran aikin ga kallabi. Ɗaurin zaman gida daban, mai sauƙi, wanda zai karɓi gammo da tulu. Ɗaurin biki daban, mai tsayi da fiffike, wanda sai an sa wa ƙyallen ɗan sitaci yake tsayawa. A kan wannan ake yafa mayafi ko a zura hijabi mai faɗin da zai lulluɓe yaro daga rana da ƙura, ana kula kada ya toshe masa numfashi. Laffaya kuma, wadda matan Barebari da Tubawa na gabashin Nijar suka shahara da ita, ta zama abokiyar mai goyo: doguwa ce, ba ta son tela, ba ruwanta da ƙiba ko rama, tana rufe riga ko da ta ɗan sha jiki. Aka ƙara lalle a hannu da ƙafa, da humra, da hayaƙin turaren wuta da aka turara kayan da shi tun daren jiya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Wankin ma da ƙa'idarsa. Atamfa ba a jiƙa ta ta kwana, ba a dirza ta a kan dutse, ba a haɗa sabuwa da farin kaya. A juya ta ciki waje, a wanke da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, a kwashe da zarar ta bushe. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ba a zubar da shi, shi zai fara wankin tsummokin yaro. In akwai dutsen guga na gawayi, to. In babu, a ninke zanin tun da sauran ɗan laima, a shimfiɗa shi ƙarƙashin katifa ko tabarma, da safe a ɗauko shi a miƙe da karinsa.

Zani a hannun irin wannan mace ba ya mutuwa da wuri. Yakan fara a matsayin na fita, wanda sai Salla da biki. Bayan shekara ko biyu ya sauko ya zama na kasuwa da asibiti. Daga nan ya zama na zaman gida, sannan na goyo, domin tsohon zani ya fi laushi a fatar jariri. In ya ƙara tsufa a yayyanka shi ya zama shimfiɗar yaro, ƙarshe ya zama gammo. Masana a ƙasashen Turai yanzu suna ta kira a rage zubar da tufafi saboda illar da yake yi wa muhalli. Matan karkararmu sun riga su aikata hakan da daɗewa.

Kada kuma a ɗauka ba su san yayi ba. Wayar hannu ta kawo hotunan ɗinkin Damagaram da Kano da Yamai har cikin ƙauye, kuma mace takan nuna wa tela hoton ta ce ya yi mata hannun wannan da wuyan wancan, ya bar matsewar. Ankon biki yana zuwa, haka ma zanin 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa. Uwa mai hankali takan auna kafin ta shiga: in ankon zai sawu bayan biki ta saya, in na yini ɗaya ne ta fito da nata mai kama da shi, ba ta ci bashi ba. Tun 1998 da mai tsara tufafi Alphadi ya buɗe bikin nunin tufafi na FIMA a Tigidit kusa da Agadas, duniya ta san Nijar ƙasar ado ce. Tushen wannan ado kuwa yana tsakar gidajen da ake ɗaura zani da goyo kowace safiya.

Saboda haka kira na farko ga magidanta ne. Tufatar da iyali haƙƙi ne da addini ya ɗora wa miji, kuma iya tattalin mace bai sauke masa shi ba. Wanda matarsa ta haihu ya tuna da zanin goyo da sabulu kamar yadda yake tuna ragon suna. Teloli su saurari masu shayarwa, su yi musu ɗinkin da zai yi musu aiki. Ku kuma iyaye mata, ku zaunar da 'ya'yanku ku nuna musu yadda ake juya bayan atamfa, yadda ake soke zani, yadda ake ɗaure majanyi, tun kafin ranar da za su buƙace shi ta zo. Allah ya raya abin da kuke goyo, ya kuma ƙara muku sutura.