Sharhi a Kan Fim ɗin The Great Hack

Wannan fim ya fito ne a 2019, Jehane Noujaim da Karim Amer suka shirya shi. Jigonsa shi ne yadda kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook, abin da ya fallasa a 2018.

Inda fim ɗin ya yi armashi shi ne labarin David Carroll, malamin jami'a a Amurka, wanda ya nemi kamfanin ya nuna masa abin da ya tara a kansa, aka hana shi. Duk mai kallo zai tambayi kansa: ni fa?

Amma akwai gyara. An ɓata lokaci wajen bin Brittany Kaiser, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, har aka tauye babban darasin. Mutum wajen 270,000 ne kawai suka amsa tambayoyin wata manhaja, amma ta hanyarsu aka kai ga bayanan abokansu, har kimanin mutum miliyan 87. Ke nan wanda ya latsa "na yarda" ya ba da sirrin abokinsa bai sani ba. Wannan batu na amana ya kamata a ja shi da tsawo.

To, 'yan'uwa ɗalibai, tarar dala biliyan 5 da aka ci Facebook a 2019 ba ta maido wa kowa sirrinsa ba. Magana zarar bunu ce. Kafin ka sa hoton abokinka, nemi izininsa.