Abin da Yake Sa Masu Kallo Su Gaji da Tom da Jerry

Cikin dukan majigin yara da ake nunawa a talabijin, da wuya a sami wanda ya kai Tom da Jerry daɗewa da yaɗuwa. Yaro a Maraɗi, ko Damagaram, ko Garwa, yana gane shi daidai da yadda yaron Landan yake gane shi, gama muzurun da ɓeran ba su cika yin magana ba, sai gudu da faɗuwa da kiɗa. Duk da wannan farin jini, akwai mutane da yawa waɗanda suka yi dariyarsa suna ƙanana, yanzu kuwa ba sa ƙaunar ganinsa, waɗansu ma har suna hana ƴaƴansu. Dalilansu suna da yawa, nauyinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Ya kamata a auna kowane dalili shi kaɗai, domin mahaifin da yake so ya yanke shawara a kan abin da ɗansa zai kalla ya san inda laifi yake.

Da fari sai a san asalin abin. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙago shi a kamfanin MGM na ƙasar Amurka, aka nuna fim na farko a watan Fabrairu na 1940. Daga wannan shekara zuwa 1958 mutanen nan biyu sun yi gajerun finafinai 114, kowanne wajen minti bakwai, bakwai daga cikinsu kuwa sun ci lambar yabo ta Oscar. Bayan kamfanin ya rufe sashensa na zane a 1957, sai aikin ya shiga hannun waɗansu. Gene Deitch ya yi guda 13 a birnin Firag a 1961 da 1962, Chuck Jones kuma ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967. Tun daga nan ake ta yin sababbi domin talabijin da kaset da faifai. Saboda haka mai cewa ba ya son Tom da Jerry, sai a tambaye shi wanne daga ciki, gama suna ɗaya ne ya rufe ayyuka dabam dabam.

Dalili na fari da aka fi ji shi ne maimaici. Labarin guda ne kullum: muzuru yana bin ɓera, ɓera yana kuɓucewa, muzuru yana shan wuya. Wannan zargi gaskiya ne, amma rabin laifin na yadda ake kallo ne. Finafinan farko domin gidan sinima aka yi su, ana nuna guda ɗaya kafin babban fim, manya da yara suna zaune tare. Fim 114 cikin shekara 18 ke nan wajen shida a shekara, wato mai kallo na wancan zamani yakan yi wata biyu kafin ya ga sabo. Da aka kawo su talabijin a Amurka a 1965, sai aka riƙa jera su bi da bi. Yau kuwa yaro mai wayar hannu yana iya kallon goma a zama guda. In aka haɗa finafinan sinima 161 ɗin nan gaba ɗaya, tsawonsu wajen awa 19 ne ko 20, wanda yake kallo kullum kuwa zai ƙare su cikin ƴan makonni, ya koma farko. Yaji ne aka mai da shi tuwo. Ƙaramin yaro yana jin daɗin maimaici, domin yana son ya san abin da zai faru kafin ya faru. Babba kuwa, musamman uwar da take jin ƙarar faɗuwar tukwane tun safe har dare, ita ce take fara gajiya.

Dalili na biyu ya fi na fari nauyi, shi ne rashin gaskiya cikin rabon sakamako. Yaro ƙarami yana goyon bayan Jerry, domin shi ma ƙarami ne a cikin gidan manya. Sa'ad da ya girma, sai ya lura da abin da bai gani ba a dā. Tom aikinsa yake yi. An ajiye shi ne domin ya tsare gida, in bai kama ɓera ba a kore shi, in ya yi ƙoƙarin kamawa wani abu ya fashe a doke shi. Tun a fim na farko haka abin yake: an gargaɗi muzurun cewa in ya sāke fasa ko abu ɗaya za a fitar da shi waje, ɓeran kuwa ya ji, ya yi ta amfani da wannan gargaɗi har aka jefar da muzurun. A wani fim na 1944 Tom ya gāji dala miliyan ɗaya bisa sharaɗin kada ya cuci kowane mai rai, ko da ɓera ne, sai Jerry ya bi shi yana cinye masa abinci yana tsokanarsa, har Tom ya gwammace ya rasa dukiyar. A fim ɗin 1952 mai suna The Two Mouseketeers, wanda ya ci Oscar, an sa Tom gadin abincin biki, aka ce in ɓeraye suka taɓa za a sare masa kai. Ɓerayen suka ci, aka kuwa sare, su kuma suka yi tafiyarsu da guzurinsu a hannu.

Wanda ya tashi a gidan da yake da rumbu ba ya bukatar a faɗa masa wane ne ɓarawo tsakanin kyanwa da ɓera. Mai yiwuwa wani ya ce ai Gizo ma mayaudari ne, ana kuwa sonsa. Gaskiya ne, amma tatsuniyoyin Gizo iri biyu ne. A waɗansu wayonsa yana fisshe shi daga hannun Kura ko Zaki, a waɗansu kuwa haɗamarsa tana kai shi ga kunya a gaban jama'a, mai sauraro ya ga cewa wayo ma yana da iyaka. Ga kuma kaka a zaune, wadda za ta faɗi abin da labarin yake nufi. Jerry yakan sha kaye jifa-jifa, amma bai cika jin kunya ba, babu kuma kowa a gefe da zai ce wa yaro wannan bai kyautu ba. Masu gajiya da fim ɗin saboda wannan suna da hujja mai ƙarfi.

Dalili na uku shi ne duka. Guduma, da gatari, da nakiya, da bindiga, da dutsen guga mai zafi, duka kayan wasa ne a nan. Ba a nuna jini, wanda aka niƙe kuwa yakan miƙe garau cikin ƙiftawar ido. Masu kāre fim ɗin suna cewa wannan shi ne shaidar cewa wasa ne. Masu sūka kuwa suna cewa nan ne haɗarin yake, domin yaro yana ganin duka ba tare da ciwo ba. A 1963 wani masanin halayyar ɗan adam, Albert Bandura, tare da abokan aikinsa a jami'ar Stanford, sun nuna wa ƙananan yara wani fim inda aka yi shigar kyanwa ana dukan ƴar tsana, yaran da suka gani kuwa suka fi waɗanda ba su gani ba dukan ƴar tsanar daga baya. Wannan ya nuna yara suna kwaikwayo, amma dukan ƴar tsana a ɗakin gwaji dabam yake da zama mugun mutum, masana kuma har yanzu ba su daidaita a kan nisan tasirin ba. Waɗansu sun wuce gona da iri. A 2016 shugaban hukumar watsa labarai ta gwamnatin Masar, Salah Abdel Sadek, ya ambaci Tom da Jerry cikin abubuwan da suke yaɗa tashin hankali a ƙasashen Larabawa. Ɗora wa muzuru da ɓera irin wannan kaya hanya ce ta kauce wa talauci da zalunci da makamai, waɗanda su ne manyan tushen fitina. Abin da ya tsaya daga wannan zargi kaɗan ne, amma yana da amfani: yaro ɗan shekara uku ko huɗu, wanda bai rarrabe wasa da gaske ba tukuna, bai kamata a bar shi da wannan fim shi kaɗai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalili na huɗu ya shafi mai kallo baƙar fata kai tsaye. A finafinai da yawa daga 1940 zuwa 1952 akwai wata mace baƙar fata mai jiki, wadda aka fi sani da Mammy Two Shoes. Galibi ƙafafunta da silifas da tsintsiya kaɗai ake gani, an kuma ba ta irin karyayyen Turancin da masu wasan Amurka na lokacin suke yi wa baƙaƙe ba'a da shi. Ƴar wasa Lillian Randolph ce ta yi muryarta. Har wa yau akwai wuraren da nakiya takan fashe a fuskar Tom ko Jerry, fuskar ta koma baƙa ƙirin da manyan leɓuna, a wani fim na 1951 kuma Jerry ya shafa baƙi ya yi shigar mai cin naman mutane a wani tsibiri. Yaron da yake dariya a nan bai san da kamanninsa ake wasa ba, ranar da ya sani kuwa dariyar takan koma ɗaci. Masu fim ɗin sun gwada magani iri uku. A shekarun 1960 sun sāke zana matar ta zama Baturiya a waɗansu finafinai, daga baya aka sāke mata murya, sa'an nan aka koma ga barin finafinan yadda suke tare da gargaɗi. A faifan da aka fitar a 2005 ƴar wasa Whoopi Goldberg ta yi bayani cewa waɗannan hotuna kuskure ne a dā, kuskure ne kuma a yau, amma share su zai zama kamar musun cewa an taɓa yinsu. A 2014 kamfanin Amazon ma ya sa irin wannan gargaɗi. Wannan hanya tana da kyau ga babba mai nazarin tarihi. Yaro ɗan shekara biyar kuwa ba ya karanta gargaɗi.

Dalili na biyar na masu ƙaunar fim ɗin ne da kansu, waɗanda suke cewa an ɓata shi. Ƙarfin aikin Hanna da Barbera yana cikin auna lokaci. Kowane motsi yana da zane mai yawa, kiɗan Scott Bradley kuma yana bin kowane taku. Wanda ya ga fim ɗin da Tom yake kaɗa piyano a gaban jama'a, Jerry kuwa yana cikin piyanon yana ɓata masa, zai ga yadda yatsun muzurun suke tafiya tare da kiɗan Franz Liszt. Irin wannan aiki yana cin kuɗi da lokaci. Finafinan Firag an yi su da kuɗi kaɗan, motsinsu yana sarƙewa, sautinsu yana amsa kuwwa, an kuma ba Tom wani ubangida mai zafin rai wanda dukansa ba ya ba da dariya. A 1975 Hanna da Barbera suka dawo da su domin talabijin, amma dokokin tashoshin Amurka na lokacin sun tsananta a kan nuna duka ga yara, sai aka mai da Tom da Jerry abokan tafiya. An kawar da abin zargi, aka kawar da labarin tare da shi. A babban fim na 1992 an sa su magana da waƙa, suna taimakon wata yarinya, jama'a kuwa ba su karɓe shi ba. A na 2021 an kai su wani otal a birnin New York tare da ƴan wasa na gaske, masu sharhi da yawa suka yi kuka cewa labarin mutanen ya danne na dabbobin. Kamfani yana riƙe da suna mai kawo kuɗi, ba ya so ya bar shi ya huta, ko da babu sabon abin faɗa.

Akwai kuma ƙananan ƙorafe-ƙorafe da suke nuna yadda zamani yake sākewa. A 2006 wani mai kallo a Ingila ya kai ƙara ga hukumar Ofcom a kan finafinai biyu, ɗaya inda Tom yake naɗa taba yana sha domin ya burge wata kyanwa, ɗaya kuma inda abokin karawarsa yake zuƙar babbar sigari. Kamfanin Turner ya yarda ya yanke wuraren da suke ƙawata shan taba. Abin da ba a ɗauke shi a bakin kome ba a 1950 ya zama abin tsayawa a duba.

In aka tattara dalilan nan, za a ga ba su taru a wuri ɗaya ba. Maimaici laifin yawan kallo ne, ana kuwa iya rage shi a gida. Lalacewar aiki laifin masu kamfani ne, maganinsa zaɓe. Hotunan wulakanta baƙar fata tabo ne na gaske, finafinan da suke ɗauke da su kuwa ba na ƙananan yara ba ne. Zancen duka yana da gaskiya gwargwadon shekarun yaro. Rashin adalci ga Tom shi ne yake cikin jinin labarin, ba ya fita sai an rushe shi duka, kamar yadda aka gani a 1975. Amma wannan aibi yana da amfaninsa ga mahaifin da zai zauna ya kalla tare da ɗansa. Bayan an gama dariya, yana iya tambayarsa wa ya fara tsokana, wa kuma aka hukunta. Yaron da ya amsa wannan daidai ya fara koyon rarrabe mai nasara da mai gaskiya, ilimin da zai bukata a makaranta da kasuwa da zaman gari.