Maki ɗari, faifai goma

A da, shekara da shekaru, da zarar Disamba ta kama, jaridar Village Voice ta birnin New York takan aika wa masu sharhin kiɗa da waƙa takardar ƙuri'a. Abin da ake nema a wurinsu bai da yawa: kowa ya rubuto kundi goma na waƙoƙi da suka fi kwanta masa a rai a shekarar, ya raba musu maki ɗari. Sharaɗin shi ne kada kundi ɗaya ya wuce maki 30, kada kuma ya gaza 5. Robert Christgau ne ya ƙirƙiro wannan zaɓe a 1971, ya raɗa masa suna Pazz & Jop, wato jaz da fof aka musanya wa haruffan farko don raha. Daga 1974 ya zama na kowace shekara, masu jefa ƙuri'a suka yi ta ƙaruwa har suka kai ɗaruruwa.

Sharaɗin makin nan shi ya fi burge ni. Ɗauki alƙalami ka gwada. In ka ba gwaninka 30, saura 70 ga tara. In zuciyarka ta rabu biyu ka ba kundi biyu talatin-talatin, saura 40, ga kundi takwas suna jira, dole kowanne ya tashi da biyar-biyar, ko ɗigo ba za ka iya ƙara wa wani ba. Uku kuwa ba su samun talatin ko ana ha-maza ha-mata, lissafin ba ya fita. Kamar rabon naman watanda ne: duk tsokar da ka ƙara wa wannan kashi, daga kashin wani ka zare ta, kuma idon kowa na kanka. Wanda ya rasa ta cewa sai ya zuba wa kowa goma-goma ya huta. Ban ga laifinsa ba, amma a ganina ya guje wa aikin ne.

Gwani a wannan fage tun watan Janairu yake fara aiki. Faifan da ya fito farkon shekara yakan dusashe a kunne kafin Disamba, wanda ya fito jiya kuma yana da ƙyallin sabuwar riga. Saboda haka mai kunnen kirki yakan ajiye ɗan littafi yana rubuta abin da ya ji da ranar da ya ji shi, in ƙarshen shekara ta zo ya koma ya sake sauraren na baya daga waƙar farko har ta ƙarshe, ba tsallake. Nan ake gane kundi na gaske. Wani waƙa ɗaya ce tak ke ɗauke da shi, sauran tara ciko ne. Wani kuma ba shi da waƙar da ta cika gari, amma jerin ya zauna, kowace waƙa na miƙa ka ga ta gaba, in ya ƙare sai ka ji shiru ya yi maka nauyi. Irin wannan shi ke cin maki 20 a hannun wanda ya san abin da yake yi.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Thriller na Michael Jackson ya fito ne a ƙarshen Nuwambar 1982, kunnuwa ba su gama narkar da shi ba aka rufe ƙuri'a. Sai a zaɓen 1983 ya zo na ɗaya.

Akwai kuma jarrabawar da ta fi wannan, ita ce ta faɗa wa kai gaskiya. Kowane mai sauraro yana da faifan da yake so a gan shi da shi, da wanda yake sakawa in ya rufe ƙofa. Mai tsoron bakin abokan sana'a yakan leƙa abin da manya suka yaba ya kwafa, sai jerinsa ya fito tsaf amma ba gishiri. Gwani yakan ɗauki kundin da ba wanda ya kula da shi ya ɗora masa maki masu nauyi, yana sane da cewa ƙuri'a ƙalilan masu nauyi na iya tura baƙon suna sama inda jama'a za su gan shi. A 1982 masu irin wannan kunne suka shigar da Juju Music na King Sunny Adé, mawaƙin Yarbawa daga Najeriya, cikin goman farko, a jeri ɗaya da Elvis Costello da Bruce Springsteen, a ƙasar da akasarin masu sayen faifai ba su taɓa jin kiɗan juju ba.

Yanzu manhajar Spotify kan tattara wa mutum lissafin abin da ya saurara a shekara, tun 2016 take yin haka da sunan Wrapped, jama'a kuma na ta yaɗawa a Instagram. Abin sha'awa ne, ba musu. Sai dai na'ura ƙirga take yi. Waƙar da ka bari tana ta maimaituwa kana wanke-wanke za ta iya zuwa ta ɗaya, wadda ta tsayar da kai cak sau uku kacal a shekara, har ka kasa sake kunna ta don nauyinta, ta ɓace a ƙasa. Mai raba maki ɗari shi zai iya ba kundin da waƙar nan mai nauyi ke ciki 30.

Masu ƙuri'ar Pazz & Jop sukan haɗo da 'yan bayanai kan dalilin zaɓinsu, jarida ta buga waɗanda suka fi armashi, Christgau kuma ya rubuta doguwar maƙala yana auna shekarar gaba ɗaya. Haka ya yi ta yi har 2006, lokacin da sababbin masu jaridar suka sallame shi. Zaɓen ya ci gaba a hannun wasu. Jaridar ta daina fitowa a takarda a 2017, aka dakatar da aikinta a 2018, amma duk da haka sai da aka tattara ƙuri'un wannan shekarar. Kacey Musgraves, mawaƙiya 'yar jihar Texas, ita ta zo ta ɗaya da kundinta Golden Hour.