Hoton Kuɗi: Shaida Ne Ko Kirari?

Ɗauki takardar Naira 200 ka juya bayanta. Za ka ga dalar buhuna, ga shanu da amfanin gona kusa da ita. An fara buga wannan takarda cikin shekarar 2000, alhali kuwa a lokacin an daɗe da kwashe dalar gyaɗa ta ƙarshe a Kano. Samarin Bebeji da yawa ba su taɓa ganin dala ba sai a nan, ko da yake mutumin garinsu ne, Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, ya fi kowa suna wajen tara ta. To, in wani ya tsinci takardar nan bayan shekara dubu, in gara ta bar masa ita, me za ta gaya masa, me kuma za ta ɓoye?

Masana tarihi sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya a kan kuɗin Rumawa, saboda haka bari mu leƙa can tukuna.

Birnin Rum ba a bakin teku yake ba, ga shi kuwa da alkamar ƙetare yake ci. Cikin shekara ta 42 bayan haihuwar Annabi Isa, sarkinsu Kaludiyas ya sa aka fara gina babbar tashar jiragen ruwa kusa da Ostiya, wajen da kogin Tiba ke shiga teku. Ya mutu cikin 54. Wajen 64 magajinsa Nero ya buga kuɗin tagulla, faɗinsa kamar yatsa biyu, kansa a fuska ɗaya, tashar a ɗayar.

Gaskiya maƙerin nan gwani ne. Cikin ɗan wurin nan ya zana katanga biyu masu lanƙwasa kamar ƙahon sa, ɗaya da rumfuna a bisanta, ɗaya da jerin ƙofofi. Tsakani ga jirage bakwai, wani na shigowa da filafilai a buɗe, wani ya naɗe nasa ya tsaya, ga ƙananan kwale-kwale ana tuƙawa. Daga sama gunki a kan gini mai tsawo, daga ƙasa wani dattijo a kishingiɗe, riƙe da matuƙin jirgi. Rumfunan nan sun rushe, laka ta cike tashar, teku ta ja baya. Ba don kuɗin ba, da abin da muka sani game da kamannin ginin bai kai haka ba.

Amma a ganina wannan kuɗi maroƙin fada ne. Maroƙi ba lalle ya yi ƙarya ba, sai dai ya zaɓi abin da zai faɗa. Duba, babu inda aka nuna a jikinsa cewa Kaludiyas ne ya fara aikin. Tashar ta fito kewayayya domin kuɗin kewayayye ne, gunkin kuma ya kusa kai girman jirgi. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne ruwan da aka zana kwance lafiya lau. Tasitus, marubucin tarihinsu, ya ce cikin 62 hadari ya hallaka jirage wajen 200 a cikin tashar nan kanta, watau shekara biyu kaɗai kafin a buga kuɗin. Daga baya sarki Tirajan ya haƙa wani tafki mai kusurwa shida a bayanta, inda iska ba ta da ƙarfi, shi ma ya buga nasa kuɗin. Nan kam an gaskata maƙeri, gama tafkin yana nan har yau da kusurwoyinsa shida, kusa da filin jirgin saman Rum. Sa'ad da ake gina filin nan, ƙarshen shekarun 1950, an tono gindin katangar Kaludiyas da gawar waɗansu jirage, aka sami abin gwada hoton da shi.

Mu komo gida. Dalar da ke jikin Naira 200 ba ƙarya ba ce, an yi arzikin gyaɗa, iyayenmu a Kiru da Tudun Wada sun noma ta sun sha wuya. Amma me ya sa buhuna suka taru har suka yi tsauni? Domin jirgin ƙasa ya kasa kwashe su da sauri zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. Buhu yakan daɗe ƙarƙashin tamfol yana jiran wagunu, ƙwari na ci. Ashe tsawon dala shaidar albarka ce, shaidar jinkiri ce kuma, hoton kuwa ta farko kaɗai ya nuna. Bai nuna hukumar ciniki da ke saye a hannun manomi ƙasa da farashin duniya ba, balle fari, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa cikin 1975.

Akwai kuma abin da kuɗi bai zana ba sam. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta sāke noman ƙasar Bebeji da Kadawa, tumatir da shinkafa suka shiga inda dā sai damina. Zazzage aljihunka, daga Naira 5 har Naira 1000, ba za ka same ta ba.